Gwangwani na Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida ina haska bango a Tawa.
Ba irin silimar da ake biyan kuɗi a ƙofa ba.
Gwamnati ke aiko gwangwanaye daga Yamai,
kowane da lamba, kowane da hatimi,
ni kuwa in ɗaura zare, in kashe fitila, in kama bakina.

Litinin da safe, bariki.
Kurata zaune a ƙasa, kai a aske, ƙeya tana ƙyalli.
A bango wasu hannuwa biyu na kwance bindiga,
ƙarfe bayan ƙarfe a kan farin ƙyalle,
a natse, kamar mai tsince tsakuwa cikin wake.
Muryar tana Faransanci ta hanci,
Sarjan Nomau yana juya ta zuwa Hausa.
Abin da ta faɗa da ladabi, shi da ashar yake isar da shi.

Laraba da la'asar, gidan likita.
Ƴan mata masu koyon jinya, farar riga, ƙamshin sabulu.
A bango hannuwa biyu na tafasa allura,
suna naɗa bandeji daga ƙasa zuwa sama,
suna danne jijiya har jini ya haƙura.
Madam Hasiya takan ce, "Arzika, mayar baya."
In mayar. Jini ya koma cikin rauni,
rauni ya rufe baki, wuƙa ta fita ba laifi.
Ƴan mata su tuntsire da dariya.
Madam ba ta taɓa yi ba.

Akwai kuma na gyaran famfon rijiya,
wanda kowa ke gyangyaɗi a kansa, har da ni.

Ran nan zare ya tsinke. Na ɗaga shi ga taga
zan liƙa, sai na bi hotunan ɗaya ɗaya.
A babban yatsan dama ga wani tabo,
siriri, lanƙwashe, kamar watan kwana biyu.
Na san tabon nan.
Na buɗe gwangwanin bariki, na ɗaga ga haske:
ga shi kwance kusa da kunamar bindiga.

Ashe mutum ɗaya ne.
Hannu ɗaya suka yi haya, ya koyar da harbi, ya koyar da ɗauri.
Fuskarsa ba ta shiga ba, sunansa ba ya cikin rubutu.
Nawa aka biya shi?
Ya sami shan fura tsakanin aikin biyu?

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa?

Bayan shekaru ina jinyar ƙanena,
da tsakar dare mota ta sauke wani daga arewa.
Kurtun jiya ne, ya zama kofur, cinya a fashe.
Ta'allah ce bakin aiki,
wadda ke zama layin gaba tana cizon farce.
Na ga ta danna daidai inda bango ya nuna,
ta naɗa daga ƙasa zuwa sama, ba gaggawa,
leɓenta na ƙirga cikin Faransancin hanci.
Hannuna ya laluba iska yana neman maɓalli.
Babu zaren da zan mayar.
Sai gab da kiran assalatu jinin ya haƙura.

Yanzu an ce komai yana cikin waya.
Majigi na kwance a sito, ɓera ya haihu a akwatinsa.
Zaruruwan sun narke suna warin tsami,
yara na gara murafan da sanda a kan hanyar kasuwa,
matata na shanya kuɓewa a cikin guda.

Ni dai kafin in miƙa makulli
na yanke hoto ɗaya, tsawon gaɓar yatsa.
Yana cikin gidan tabarauna.
Jikata Indo takan ɗaga shi ga rana,
ta runtse ido ɗaya, ta ce, "Kaka, hannun wane ne?"
In ce, "Wani abokin aikina ne."
Ta ce, "Me yake shirin ɗauka?"

Na yanke shi daidai inda tafin ke buɗe,
kuma na manta daga wane gwangwani.