Gashin Kaza a Yiwu

Na sauka Yiwu ana yayyafi,
jar tuta na ɗiga a saman kasuwa,
a ƙarƙashinta kowa na taya, kowa na albarka.
Da ma an ce min nan hukuma ce ke raba tuwo.
To, gani ya kori ji.

Hawa na uku, layin 'yan maɓalli,
wata dattijuwa, Qiu Lanfen,
ta miƙo min kalkuleta a madadin gaisuwa.
Na danna bakwai, ta share, ta danna tara,
ta yi dariya da haƙoran da shayi ya rina.
Muka tsaya a takwas, kowa na ganin shi ya ci.

Jikanta ne tafinta,
ido ɗaya a kaina, ɗaya a waya,
yana tallar zif ga mutanen da bai taɓa gani ba.
Ta ce mahaifinta ya bi ƙauyuka da sanda a kafaɗa,
kwando nan mazarƙwaila, kwando can gashin kaza,
yana kaɗa 'yar ganga a hankali
don a lokacin ciniki laifi ne.
Sau biyu aka ƙwace masa kwandunan.
Sau biyu ya saƙa wasu.

"Ribar maɓalli ɗaya ba ta sayen ƙwayar shinkafa,"
in ji ta, "amma ƙirga min miliyan."

Shagon da ke maƙwabtaka da ita a rufe yake.
Na Luo ne, wani ya rage masa kwabo a farashi,
wata uku ya yi yana kallon ƙofa.
Ba wanda ya jajanta.
Sabon mai haya har ya fara fenti.

Da dare mai gasa dankali ya ƙi karɓar silallata,
ya nuna min wani zane, wai in haska da waya.
Gefe guda wani mai kai saƙon abinci
ya yi barci a kan babur, hular kwano a kai,
wayarsa a ƙirji tana ƙirga masa mintoci.

Washegari na koma na tambaye ta:
wannan gurguzu ne ko jari-hujja?
Ta ci gaba da zuƙar taliya.
"Raɗa suna aikin 'yan ofis ne."

'Yar gangar na rataye a bayanta, fatar ta yi baƙi.
Na ce nawa?
Ta kife kalkuleta a kan tebur.
Wannan ba ta sayarwa ba ce.
Can kuma ta ɗago ta:
akwai irinta sak, ɗari biyar a kwali,
kwali nawa nake so?