Tudu Biyu a Takarda

An ɗauke wuta a Bagalam.
Na jingina tocila da kwano,
takardar kimiyya a cinyata:
layi ya taso daga hagu,
ya hau, ya ɗan gangara, ya sake hawa,
ya je ya kwanta ƙasa da inda ya faro.
Jibi Mushe Tanimun zai tambaya,
ni kuwa tozon raƙumi kawai nake gani.

Kawu Nomau ya kwance shanu,
yashin Gulbi bai bar jikinsa ba.
Ya leƙo ta kafaɗata:
"Wa ya zana maki hanyata?"

Na ce ba hanya ba ce, Kawu,
sinadarai ne ke sake kama,
tsayin layin, ƙarfin da ke jikinsu.

"Kaya ke nan," in ji shi.
Ya kafa farce a ƙolin tudun farko.
"Nan ba a tsayawa.
Ko ka ƙetare,
ko amalanke ya komo da kai baya.
Ba wanda ya taɓa shan hura a nan.

Wanga kwari, sa na iya numfasawa,
amma ba gida ba ne,
kada ki sauke kaya."

Na ɗauko magwaji,
ina auna tudu na biyu daga gindin takarda.
Ya ture hannuna.
"Ɗiyata, hawa daga inda ƙafa take ake auna shi.
Daga kwarin ga, taki nawa ne?
Na farin shi ka cin rana.
In ka makara, shi ya makarar da kai."

Na ce akwai wani layi na ɗigo-ɗigo,
tuddansa gajeru.
Ya yi dariya.
"Ta bayan lambun mangwaro ke nan.
Wani yaro ya nuna mini ita.
Mafari ɗaya, masauki ɗaya,
yaron kuma yadda ya zo haka ya koma,
ko dala bai amsa ba."

Sai ya yi shiru a ƙarshen layi.
"Sun sauka ƙasa da inda suka taso.
Ina sauran ƙarfin?"

Wannan na sani.
Na ce zafi ya zama, Kawu,
shi ne ɗumin da ke kama kwalba.

Ya waiga turke,
inda gumi ke bushewa a wuyan Bakin Sa,
ya gyaɗa kai, ya tafi alwala.

Farcensa ya bar ƙwayar yashi ɗaya
daidai kan ƙolin.
Ina numfasawa, ta gangara.