Matokari na Bakwai

A Valparaíso ƙasa ba ta san kwanciya ba.
Gidaje na hawa kafaɗar juna suna leƙen teku.
Garejinmu ma gangara ne:
ajiye noti a ƙasa, ka bi shi da gudu har bakin ƙofa.

Nan babana Eulogio ya shige ƙarƙashin tsohuwar motarsa
wata Asabar, da jak ɗaya da bulo biyu.
Ƙasa ta motsa, kaɗan,
irin motsin da ba ya hana mutanen garin nan kurɓar shayi.
Bulo ya ce ƙas.
Tun ranar hannunsa na dama
bai ƙara kaiwa saman kanta ba.

Maƙwabta suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Na ce haka ne,
amma mu muka shimfiɗa masa tabarma.

Ni walda nake yi a tashar jiragen ruwa.
Na fara kwaso guntayen ƙarfe a jakar abincina.

Na farko ƙafa uku na yi masa, kamar murhu.
Murhu tukunya ya sani, bai san gangara ba,
ya sunkuya tun kafin in saki jak.
Na biyu ƙafa huɗu, ɗaya ba ta taɓa ƙasa,
yana rawa ba kiɗa.
Na uku ya tsaya daram, amma nauyinsa!
Wa zai ja shi da hannu guda?
Na huɗu ba na son zancensa.

Baba ne alƙali.
Yakan zauna kan bokitin fenti, sigari a kunne,
in na sauke mota a kan sabon ƙarfe
sai ya tashi ya dafa ta da hagu,
ya jijjiga da duk fushin da ya rage masa.
In ta yi ko ƙis, ya koma ya zauna.
Ba ya cewa komai. Gara zagi.

A na biyar na gane ba a dogara da haƙori.
Haƙori kan zame. Na huda rami, na zura sakata
mai kaurin babban yatsa,
na ɗaure ta da sarƙa don kada ta bi noti zuwa ƙofa.
A na shida na ba kowace ƙafa zarenta,
a murɗa ta sauka ta sami siminti inda yake,
ba inda takarda ta ce yake ba.
Na manna guntun taya a bakinsa
ya riƙe cikin mota kamar tafin hannu.

Na bakwai bai bambanta sosai ba.
Faɗin gindi ya ƙaru da yatsa uku,
sai mariƙi a gefe, daidai hannun hagu.
Ya ga mariƙin. Ya kau da kai wajen teku.

Ranar Talata ina kwance ƙarƙashi, ina kwance tukunyar mai,
baƙin mai na bin gwiwar hannuna,
sai karnukan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya.
Sifanu suka fara kaɗawa a jikin bango.
Tan guda da ɗoriya a saman hancina,
ina kallon tsatsa tana zubo mini kamar barkono.
Na ƙirga. Na kai goma sha ɗaya.

Shiru.

Ta gefen taya na hango takalmansa,
ba su gusa ba, sai dai igiyar ɗaya na karkarwa.
Can ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya leƙo, ya dubi sakata, ya dubi walda,
ni ce ƙarshen abin da ya duba.

Ya ce, "Nélida, wannan fentin ya yi muni."

Yanzu guda biyu na wajen Baldomero mai tasi,
wata uku ke nan, ya ƙi dawo da su.
Ban je karɓa ba.
Na sayo wani fenti.