Idanu Shida a Silin

Dogara mai wayarin ya hau tsani,
fensir a bayan kunne,
ya zana da'ira shida a silin ɗin korido,
ya ce, "Ciki za su zauna, ba za su leƙo ba."

Zarto ya ci, farin gari ya zubo
kan tayil ɗin da ba mu gama biya ba.
Ƙwan lantarkin da ya yi shekara sha tara yana reto,
wanda ke ture hular Baba duk asuba,
aka kwance shi, aka naɗe wayarsa kamar igiyar guga.

A Panteka na sayo sababbin,
na yi ciniki har maƙogwaro ya bushe.
Ɗaya ya zo a fashe.
Na koma, ruwan Agusta na dukana.

Da magariba Dogara ya ce in danna.
Shiru. Barnawa duk ta yi ɗif.
Muka zauna kan buhun siminti muna ɓare gyaɗa
har yaran layi suka ɗau ihu, ƙarfe tara.

Haske ya sauko a hankali, ba inuwar da ke lilo.
Ya tona tsagar bango,
ya tona layukan biro
inda muke auna tsawon Asabe kafin Zariya ta ɗauke ta.
Na ce wa mai fenti, nan kar ka taɓa.

Baba ya fito, hannu a bango kamar kullum,
taku goma sha ɗaya zuwa ƙofa.
Daidai tsakiya ya sunkuya,
ya kauce wa ƙwan da babu shi.