Inuwar Igiya

Wata huɗu muka yi muna gadin kwalba
a bayan tagar ɗakin gwaji, nan Yalwa.
Daga ɓawon maɗaci Tasi'u ya tatso ruwan,
ya tace, ya sake tacewa, har tuwonsa ya koma ɗaci.
Ƙwaya ɗaya tak ta kama jiki,
ba ta kai kafar allura ba.

Muka naɗe ta da auduga, muka aika ta ƙetare,
inda suke da injin da ke harba haske cikin ƙwaya.
Abin da ya dawo mana ba hotonta ba ne.
Ɗigo-ɗigo ne, dubbai,
kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

Daren Laraba, wuta ta ɗauke,
batirin kwamfuta saura kashi talatin.
Muka bi layin tsakiya da yatsa:
babu, babu, ga ɗaya.
Babu, babu, ga ɗaya.
Na ce masa, saurari waɗanda ba su zo ba,
rashinsu ma shaida ne.
Suna cewa ginin ciki murɗaɗɗe ne,
taki uku ya cika zagaye,
kamar mai hawan matakalar hasumiya.

Ya ce, to Malama, dama ya murɗa ko hagu?
Kwamfuta ta kawo sunaye biyu,
ta ba su maki daidai wa daida,
ta tsame hannunta.

Ya ce mu ɗauki na sama mana.
Wa zai sani?
Kuɗin makaranta ya ƙare tun Sha'aban,
kawunsa a Darazo ya daina ɗaga waya,
ga ranar kare kundi ta ƙarato.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma yatsana ya je kan maɓalli ya dawo.

Sai na tuna kakana Barde, a Dass,
mai tufkar rama a kan cinya.
Da la'asar igiyarsa kan rataya a reshen ɗorawa,
inuwarta kwance a ƙasa.
Yakan ce, ke 'yar boko, duba ƙasa kawai,
faɗa mini ta wane hannu na tufka.
In duba, in duba, in ce dama.
Ya kwance, ya rataya wata, inuwa ba ta sauya ba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
inuwa ba ta da hannu, yarinya.
Kama igiyar ki murza.
In ta ƙara tsauri, kin bi ta.
In ta warware, kin saɓa mata.

Don haka muka murza duka biyun.
Muka gina gida a suna na farko,
muka gina a na biyu,
ko wanne ya tsaya, kamar mutum da madubinsa.
Saura hanya ɗaya: ɗigon nan tagwaye ne,
kowane yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen,
wani kan fi wani haske da abin da bai kai gashin gira ba.
Muka auna. Muka sake.
Bambancin ya nutse cikin hayaniyar injin,
kamar raɗa a kasuwar Muda Lawal.

Batiri saura kashi shida.
Karnukan bayan katanga sun yi shiru.

Na ce rubuta:
murɗi uku, wannan mun gani.
Hannun kuwa, ɗaya cikin biyu,
ba mu sani ba tukuna.

Ya daɗe yana kallon kalmar ƙarshe.
Ya ce, za su karɓi tukuna a kundi?
Na ce ban sani ba.
Ya rubuta.

Da safe na tarar ya wanke kwalabe uku,
ya jera su a bayan taga,
ya ɗiga wa kowacce gishiri mai nauyi,
irin wanda ke sa tagwaye su bambanta,
ya liƙa takarda da ɗanko:
Don Allah kar a taɓa.