Dashe

Takardar ta same ni ran Talata a bakin rijiya,
hannuna duk laka, sai Gado ne ya buɗe ya karanta mini.
Layi uku kacal. Wai makina ya kai,
in bar sashen da nake, in hau bene,
ajin mutum ashirin da jami'a ke tsamowa ɗai-ɗai.
Gado ya kai ƙarshe, ya yi dariya, ya dafa ni.
Shi da ɗigo biyu ya rasa.

Baba Nomau bai yi boko ba.
Ya juya takardar, ya shafa hatimin da ɗan yatsa.
"Nawa za a biya?" Na ce ko sisi.
"To mi suka so?" Na ce ni.
Ya daɗe yana kallona,
sannan ya koma ya buɗe wa fangali ruwa.

A ofis Malama Hurera ta baje takarduna,
tana bin su da jan biro kamar mai tsintar wake.
Wannan kwas mun karɓa. Wannan ma.
Waɗannan uku ba sa cikin lissafinmu.
Uku!
Ɗaya na ci shi da zazzaɓi a jikina,
ɗaya da fitilar waya, makon da wuta ta ƙaurace wa Aliero,
ɗayan kuwa Gado ne ya koya mini
a kan buhunan albasa, muna jiran motar Legas.
Ta ce zan maimaita zango guda.
Na ce to, don bakina bai samo wata kalma ba.

A ƙasa ni ake tambaya.
A bene ko tari na yi sai in ji ya yi ƙara.
Wata yarinya 'yar Zuru tana musu da littafi,
kuma littafin ne ke ja da baya.
Dakta Mani ya maido mini aikina na farko,
ba maki, ba yabo, ba faɗa,
sai "don me?" har sau bakwai a gefen shafi.
Na ƙirga su a masallaci, Allah ya yafe mini.

Ran Asabar na tarar ana dashe.
Baba ya tumɓuko iri, ya karkaɗe saiwar,
ya haɗa kawunan, ya sa wuƙa ya datse.
Ganyen da ya yi kwana arba'in yana tsiro
ya zube a kan ƙafarsa, bai ko duba ba.
Na ce, Baba, wannan ai ɓarna ce.
"In ba a rage mai kai ba, ba shi kamawa.
Kwana ukku za ka gan shi kwance kamar ya mutu,
baƙo ya wuce ya ce an yi asara.
Aikin yana ƙasa."

Na ce, duka suke tashi?
"A'a."
Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban nema ba.

Na ce, waɗanda aka bari a gadon iri fa?
Ya ɗago, ya gane inda na dosa.
"Ba a kwashe iri rana guda.
Kai dai riƙe naka, rana na yi."
Ya miƙo mini dami, na duƙa,
yatsa, rami, saiwa, danna,
har bayana ya manta da kujerar bene.

Litinin na zauna a layi na biyu.
Sabulu bai fitar da warin albasa daga farcena ba.
Dakta Mani ya rubuta abin da ban gane ba,
ya juyo, ya ce akwai tambaya?
Hannun nan mai wari,
na ji shi yana tashi.