Ƙuri'ar Maƙerin Gumau

Ni maƙeri ne a Gumau.
A kan uwar maƙera guda nake fitar da fartanya,
a kanta nake gyara kunamar bindiga.
Ƙarfe bai taɓa tambayata me zai zama ba.

Ran kasuwa Injiniya Sambo ya iso,
lasifika biyu a kan mota, ɗaya na tari.
Ya ce, "In kun ba ni kujerar nan,
kowace bindiga, ta toka ce ko ta bature,
ofishin 'yan sanda za ta kwana.
Gari ba bariki ba ne."
Matan rumfar daddawa suka rangaɗa guɗa.
Jatau sarkin baka ya tofar da goro:
"Shi zai kwana a Bauchi, bayan katanga mai waya.
Mu fa, da dajin Lame ke huci a ƙeyarmu?"

Kwana takwas, sai ga Barau Mai Siminti.
"Lasisi ga kowane magidanci!
Wanda ya zo maka da wuta,
ba a tarbarsa da buta."
Samari suka ɗaga shi sama
har hularsa ta faɗa kwata.
Can gefe, wajen turken shanu,
Ardo Buuba ya jingina da sanda, ya ce a hankali,
"Idan kowa ya samu tasa,
wa za a fara nunawa?"

Daga nan majalisar mai shayi ta rabe.
Masu cin tuwo kwano guda
kowa ya koma zaurensa.

Lantana ta ce Barau za ta yi.
Daren da aka zo ɗaukar mijinta
taɓarya kaɗai ta samu a bayan ƙofa.
Ta sayar da shanun huɗa, ta sayar da gonar gyaɗa,
aka karɓi kuɗin,
aka aiko mata da takalminsa.

Kyauta ta ce Sambo.
Ɗanta Ɗanlami, shekara tara,
ya ga ta babansa a jingine bayan rumbu,
ya ɗauka sandar wasa ce.
Wannan bindigar na san ta.
Ni na sa mata sabuwar kunama,
na ce da mai ita, yanzu ko iska ta taɓa ta, za ta amsa.
Ya biya ni da mudu uku na masara.
Mun ci.

Ran zaɓe, a firamare, ƙarƙashin dalbejiya,
su biyun suna layi guda,
ɗaya na riƙe wa ɗaya goyo.
Na'urar ta ƙi babban yatsana.
Shekara arba'in na wuta sun shafe zanen.
Yarinyar ta ce, "Baba, ɗago fuska."
Na ɗago.

Cikin akurkin kwali na tsaya
har na baya suka fara gyaran murya.
Takarda ɗaya, yatsa ɗaya,
takalmi a wannan gefe,
ƙaramin likkafani a wancan.

Kada ku tambaye ni.

Da la'asar aka ƙirga da ƙarfi:
ɗari da arba'in da ɗaya,
ɗari da talatin da takwas,
tara sun lalace.
Wakilin jam'iyya ya ɗaga guda yana dariya,
"Wannan ya dangwala wa kowa!"
Ban yi dariya ba.

Da safe na hura zugazugi.
Jatau ya ajiye tasa, bakinta ya tsage.
Kyauta ta aiko da garma, haƙorinta ya karye.
Na dubi gabas, na shaƙi iska.
Damina ba ta jiran sakamako.
Na fara da garmar.

Jatau bai tafi ba.
Yana zaune a kan kututture, yana jira.